Wane Ne Tsohon Nan Mai Gemun Auduga?

Akwai abin da ke faruwa a birnin Katsina duk shekara, kowa na gani, amma ba kasafai ake tsayawa a nemi dalilinsa ba. Daga goma ga watan azumi, da an sha ruwa an idar da asham, lungunan birni daga Ƙofar Guga har Rafindadi sai su cika da yara masu baki. Yaron da in baƙo ya gaishe shi da rana sai ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da babban yatsa, shi ne da dare zai tsaya a gaban dattawa yana kwaikwayon malami ko mai magani, yana zuba zance babu gargada. Ana ganin watan Sallah kuma sai muryar nan ta ɗauke. Daga ina take zuwa, ina kuma take komawa?

Tambayar ta shigo har cikin gidanmu ne ta kan ɗan ƙanwata, lokacin yana aji huɗu na firamare. Malamar ajinsu ta aiko a kira uwarsa. Ta ce rubutun yaron tsaf, lissafinsa ba laifi, amma tun da aka shiga zangon ba ta ji ya haɗa jimla guda a aji ba. Ko rajista ake kira, hannu yake ɗagawa. Yana da 'yar in-ina, farkon kalma ke maƙale masa, kuma 'yan ajin sun riga sun gano haka, suna jira ya buɗe baki su tuntsire da dariya. A gida ma ba a cika jin sa ba. Gwaggonsa ta ce miskilanci ne, wani ya ce a nema masa rubutu, ubansa ya ce in ya girma zai daina.

Ana cikin haka azumi ya kama. Wani dare muna zaune a zauren wani maƙwabcinmu sai ga 'yan tashe sun yi sallama, wasan tsoho da gemu suka kawo. Tsohon nasu ya shigo a duƙe yana dogara sanda, sanye da wata tsohuwar riga da ke jan ƙasa, an manna masa gemu da gira na auduga, an shafe fuskar da toka da gawayi, hula ta sauko har kan ido. Suka yi waƙarsu yadda aka saba. Da suka gama, mai gidan ya so ya ja su da wasa, ya ce, "Baba tsoho, yau babu canji, sai dai gobe."

Tsoho ya yi tari, ya ɗago kai a hankali, ya ce, "Yo ɗan nan, mai shekaruna ai ba a yi mashi alkawalin gobe. Ka ba ni yau, in Allah ya kai mu goben na dawo in yi maka godiya."

Zaure ya kaure da dariya. Wani ya sake tsokanar sa, ya ce ina matansa. Ya ce duk sun tsufa sun bar shi da ƙuruciyarsa. Duk wadda aka jefa masa sai ya cafe ya mayar. Wannan ba ya cikin waƙar da aka haddace, nan take yake ƙirƙira. Da aka tambayi abokan tafiyarsa ɗan gidan wane ne, sai suka haɗa baki suka ce ai tsoho ne, daga Batagarawa ya zo da ƙafa. Suka karɓi abin da aka ba su suka wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai tarin nan ne. Gajeru biyu, dogo ɗaya, sannan a share maƙogwaro kafin a yi magana. Haka mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake yi a ƙarshen rayuwarsa. Sandar ma kamar na san ta. Da na koma gida na leƙa bayan ƙofar ɗakin Inna, inda sandar marigayin ke jingine tun rasuwarsa. Babu ita. Da asuba na sake dubawa, tana nan.

Kwana biyu bayan haka na ji ƙanwata tana faɗa a tsakar gida, wai an farke mata matashin kai an yashe audugar. Yaran gidan duk suka rantse ba su ba ne, ban da guda ɗaya da bai ce komai ba, shi kuwa dama ba a sa ran zai ce. Ranar da sahur na zauna kusa da shi. A bayan kunnensa akwai sauran toka da sabulu bai kai gare ta ba.

Na sami Inna da maganar, ina ɗokin ba ta labari. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Yo ni na ba shi sandar. Rigar ma ta kakanshi ce. Mi ya faru?"

An gano tsoho ke nan. Amma gano shi ya buɗe wata tambayar da ta fi ta farko wuya. Yaron da ba ya iya cewa "ga ni" a aji, ta yaya ya tsaya yana musayar magana da dattawa cike da zaure, kuma in-inar ba ta ko leƙo ba?

Kowa a gidan ya kawo nasa hasashen, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ubansa ya ce duhu ne, ba a ganin sa shi ya sa. Sai dai na bi ayarin nasu daga nesa wani dare, na ga sun tsaya a bakin wani shago da janareta ke ba wa wuta, haske tarwai, mutane sun kewaye su, tsoho bai rage komai ba. A gida kuwa sau nawa ake ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida cikin duhu, ba ya cewa uffan. Gwaggonsa ta ce kwaɗayin kuɗin tashe ne. Ita da kanta ta gwada: da rana ta ɗaga masa takardar kuɗi, ta ce ya maimaita mata abin da ya faɗa a zaure ta ba shi. Ya dube ta, ya buɗe baki, kalmar farko ta maƙale, ya juya ya shige ɗaki.

Hasashen malamarsu ya fi nauyi. Ta ce harshe ne. Tsarin ilimi na ƙasa da ake bi a lokacin, tun daga 1977, ya tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru uku na farko, daga aji huɗu a juya zuwa Turanci, kuma daidai wannan gaɓar yaron yake. Wanda ke fama da farkon kalma a harshen uwarsa, a ce kuma ya nemo kalmar a harshen da bai mallaka ba, kaya ya yi masa biyu. Na yarda akwai gaskiya a nan, kuma gaskiya ce da ta shafi dubban yara a jihar nan. Amma ba ta ɗauke tambayar duka ba, domin a islamiyya da Hausa ake bayani, can ma in an tambaye shi shiru yake yi.

Sai batun waƙa. Masana larurar magana sun daɗe da sanin cewa mai in-ina yakan sami sauƙi in yana rera waƙa, ko yana faɗin abu tare da jama'a baki ɗaya, ko ya sauya murya. Shi ya sa a makarantar allo ba ka cika gane mai in-ina ba muddin ana karatu da rauji. Kusan yara biyar cikin ɗari kan yi in-ina a wani lokaci na ƙuruciya, akasarinsu ta sake su, ta bi kamar mutum ɗaya cikin ɗari har girma. James Earl Jones, ɗan wasan Amurka da ya rasu a 2024, wanda muryarsa ce ta Mufasa a fim ɗin yara na The Lion King, ya yi shekaru a ƙuruciyarsa kusan bebe saboda in-ina, har sai da wani malaminsa na sakandare ya sa shi karanta waƙar da ya rubuta a gaban aji. 'Yar wasan Ingila Emily Blunt ita ma ta sha ba da labarin yadda wani malami ya sa ta a wasan makaranta tana 'yar shekara 12, ya ce ta yi magana da wata murya daban, sai ga magana na fita. To wannan ya bayyana dalilin da in-inar ta kwanta a bakin tsoho mai aron muryar kakansa. Bai bayyana ƙarfin halin ba. Sauya murya na iya warware harshe, amma ba ya sa yaro ɗan shekara tara ya kalli dattijo ya kira shi "ɗan nan".

Bakin zaren yana ɗakin Inna, kuma a gabanmu yake tun tuni. Wata rana da hantsi ina wucewa ta bakin taga sai na ji ana cacar baki a ciki. Inna na cewa, "Mai gida, yau ma ba ka ba da kuɗin cefane ba, ni dai zan yi yaji." Sai na ji an amsa, "Yi tafiyarki, tsohuwa, gobe in auro mai haƙora." Shi ne. Babu gemu, babu toka, rana tsaka, da muryarsa ta kansa. In-inar ta ɗan taɓa shi a kalma ɗaya, ya tsallake ta ya ci gaba, domin babu wanda ke jiran ya faɗi.

Me ya haɗa ɗakin Inna da zauren maƙwabci a daren azumi? A duka biyun an riga an yafe maganar tun kafin a faɗe ta. Bahaushe na tarbiyyantar da ɗansa a kan kunya: kada ka haɗa ido da babba, kada ka tsoma baki in manya na magana, kada ka ɗaga murya. Yaro mai ɗaukar tarbiyya da gaske, irin wannan, yakan riƙe dokar gam, in kuma aka haɗa masa da dariyar 'yan aji sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shiru ya fi. Amma al'adar da ta kafa wannan doka ita ce kuma ta buɗe mata ƙofofi da gangan. Akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai, akwai na garuruwa da ƙabilu, kamar Katsinawa da Nufawa, ko Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. A cikin waɗannan, abin da zai zama rashin kunya a wani wuri ya zama zumunci. Tashe ita ce babbar ƙofar da aka buɗe wa yara gaba ɗaya, na kwana ashirin. A cikinta yaro na iya kwaikwayon malamin da ya yi rawa, ko mai magani mai cika baki, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna nuna wa matan aure zaman gidansu a gabansu, kuma a biya su a kan haka.

Gemun auduga ƙari ne a kan wannan izini. In tsoho ya yi ɓaranɓarama, tsoho ne ya yi. In aka yi dariya, da tsoho ake, kuma dariyar ma ita ake nema. A aji dariya hukunci ce a kansa, a zaure lada ce. Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai aka lura da shi ba. A Rasha, a shekarun 1940, wata mai bincike, Manuilenko, ta gwada ƙananan yara: a ce wa yaro ya tsaya cik kada ya motsa, ba ya daɗewa, a ce masa shi mai gadi ne a cikin wasa, sai ya daɗe a tsaye fiye da haka nesa ba kusa ba. A 2017 kuma wasu masu bincike a Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da yara 'yan shekara 4 da 6, inda suka ba su aiki mai gundura. Waɗanda aka ce su ɗauki kansu a matsayin wani gwarzo, irin su Batman, sun fi sauran jurewa. Yaro a cikin rigar wani yakan iya abin da bai san yana iyawa ba, alhali ƙarfin nasa ne tun asali.

Akwai kuma abu na uku da ba a cika kula da shi ba, wato maimaici. Ayarin tashe kan shiga gida bayan gida a dare ɗaya, kuma a kowane gida sabbin fuskoki ne. Maganar da ta ba da dariya a nan a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a sauya. Kafin Sallah, yaro ya tsaya a gaban jama'a fiye da yadda zai tsaya a gaban aji a shekara guda. Tun da rana kuma suna can a lungu suna gwaji, suna gardamar wa zai fara, wa zai amsa, wa zai riƙe kuɗi. Babu babba ko ɗaya a cikin shirin.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi damun uwarsa: in izinin na kwana ashirin ne, ina amfaninsa ga sauran shekara?

A nan tarihin garin nan yana da abin cewa. Ginin da yanzu yake gidan adana kayan tarihi a Katsina shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. A wancan zamanin ne, cikin shekarun 1930, Rupert East ya fito da Six Hausa Plays, gajerun wasanni da aka tsara don 'yan makaranta su tashi su yi, ba don a karanta a rufe ba. Bayan an mayar da kwalejin Kaduna a 1938, wani ɗalibi mai suna Aminu Kano ya riƙa shirya wasannin kwaikwayo da Hausa, yana sukar zalunci da ha'inci ta bakin 'yan wasa. Abin da ɗalibi ba zai iya faɗa wa mai mulki ido da ido ba, ya faɗe shi a dandamali, kuma kowa ya san irin mai maganar da ya zama daga baya. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu. A 1979 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka je Maska, wadda ke cikin jihar Katsina a yau, suka shirya wasa tare da mutanen gari a kan matsalolinsu. A shekarar ce kuma Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, ya fito.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka mayar da wannan gado. Littattafan nan suna nan a makarantunmu, amma a zaune ake karanta su. Malami ya karanta, ɗalibai su kwafi sunayen 'yan wasa da jigo da salo don jarrabawa. Yaro na iya cin Kulɓa Na Ɓarna da maki mai kyau bai taɓa tsayawa ya furta layi ɗaya daga ciki ba. Wannan kamar a ba mutum garma ne a ce ya haddace sunayen sassanta. A waje kuma ita kanta tashen tana ja da baya. Iyaye da yawa ba sa barin yara fita da dare, kuma ba za a ga laifinsu ba. A Kano ma 'yan sanda sun sha dakatar da ita a 'yan shekarun nan saboda ɓata-garin da ke fakewa da ita suna ƙwace.

Bayan hutun Sallah na kai wa malamar duk abin da muka gano. Mace ce mai son aikinta, ajinta kuma cike yake maƙil. Ta ware ƙarshen darasin Hausa na ranar Alhamis. Ba ta nemi dandamali ba, tura benci biyu aka yi gefe. Wasan farko na kasuwa ne: mai tumatir, mai saye, ɗan dako, da wani tsoho da ya zo sasanta rikici. Ta bar shi ya zo da gemunsa da sandarsa. 'Yan ajin da suka saba yi masa dariya suka yi dariya har da riƙe ciki, amma a wannan karon shi ya ba su ita da hannunsa. Daga baya ta ce a ajiye gemun, sanda ta isa. Sai ta ba shi alƙali, wanda ba ya duƙawa, ba ya sauya murya sosai, dole ya kalli masu ƙara a ido. Can gaba ta ba shi matsayin ɗan makaranta da ya zo kai ƙorafi wurin hedimasta, wato kusan shi kansa. Hikimarta ita ce ba ta fizge rigar aron a rana ɗaya ba, zare ta ta riƙa yi sannu a hankali.

In-inar ba ta warke ba, kuma kada wani ya ɗauka wasan kwaikwayo magani ne gare ta. Wanda tasa ta yi tsanani yana bukatar ganin masana. Abin da ya sauya shi ne ta daina zama dalilin yin shiru. Yana ɗaga hannu, kalma ta maƙale, ya jira ta, ya ƙarasa. Har yanzu in baƙo ya shigo gidanmu yakan durƙusa ya gaishe shi kansa a ƙasa, kuma ina jin daɗin hakan. Masu tsoron kada wasa ya cire wa yara kunya suna da hujjar damuwa, ganin irin abin da ke yawo a waya, amma yaron nan bai rasa kunyarsa ba. Ya dai koyi rarrabe wurin da ake sunkuyar da kai da wurin da ake son a ji bakinsa, kuma aji yana cikin na biyun.

Malamar ta ce mini wahalar da ta fi sha ba ta wajen maza ba ce. A ajin akwai 'yan mata da dama da ba a taɓa aiko wa iyayensu ba, domin shirun yarinya ba ya tayar wa kowa hankali, yabo ma ake yi. Da farko sun ƙi fitowa gaban maza, sai ta raba su, suka fara yin nasu su kaɗai a ƙarƙashin bishiya, da wasannin da suka riga suka sani daga gaɗa da tashe. A zango na gaba ta haɗa ajin, ta sake kawo wasan kotu, ta ba ɗaya daga cikinsu kujerar alƙali, shi kuma ɗan ƙanwata ta sa shi mai gabatar da ƙara.